Daga Tabarma Zuwa Ƙofar Asibiti: Yadda Korona ta Riski Dattawan Rohingya a Bangaladash

Mutum na farko da aka tabbatar korona ta kashe a sansanonin 'yan gudun hijirar Rohingya, Musulmi 'yan tsiraru daga Myanmar, da ke Cox's Bazar, can kudu maso gabashin Bangaladash, dattijo ne mai shekara 71. Ya rasu ranar 31 ga Mayun 2020, sakamakon gwajinsa ma sai bayan ya cika ya fito. A lokacin bai fi mako biyu da 'yan kwanaki ba da fara ganin cutar a wurin, domin ranar 14 ga Mayu aka sanar da wanda ya fara kamuwa. Duk wanda ya san sansanonin gabansa ya faɗi. A wancan lokacin mutum wajen 860,000 ne ke cunkushe a sansani 34, cikin bukkokin gora da tamfol, kusan mutum 40,000 a kowace murabba'in kilomita. Masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka sun yi lissafin cewa idan cutar ta shiga babban sansanin Kutupalong da Balukhali kaɗai, cikin shekara guda tana iya kama fiye da mutum 400,000, ta kashe tsakanin 2,000 da 3,000, gadajen asibiti 340 da ake da su kuma su cika maƙil cikin 'yan watanni.

Da shekara ta ƙare aka duba littafi, waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su kai 400 ba, waɗanda suka rasu goma. Mutane da yawa suka yi hamdala, wasu suka ce ai dama an zuzuta abin. To amma a watan Disambar wannan shekara an ɗebi jinin dubban mazauna sansanonin aka gwada, aka tarar kusan rabinsu, kashi 48 cikin ɗari, jikinsu na ɗauke da alamar cutar ta taɓa shiga ta fita. Ashe korona ta zaga lungu-lungu, littafin ne bai gan ta ba. Littafin asibiti wanda ya iso ƙofa kawai yake ƙirgawa, kuma a duk faɗin sansanin ba wanda isowa ƙofar ta fi yi wa wuya kamar tsoho da tsohuwa, waɗanda su ne cutar ta fi kashewa a ko'ina cikin duniya.

Alƙaluman Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a farkon 2020 sun nuna masu shekara 60 zuwa sama sun ɗan haura 31,500. Ba su kai kashi huɗu cikin ɗari ba ke nan, a wurin da fiye da rabin jama'a yara ne. Wannan ƙarancin nasu yana cikin dalilan da suka sa gawa ba ta yi yawa ba, kuma shi ne ya sa tun farko ba a tsara harkar lafiyar sansanin da su a rai ba. Lokacin da mutum sama da 700,000 suka tsallako daga jihar Rakhine ta Myanmar bayan 25 ga Agustan 2017, suna gudun sojojin ƙasar, abin da ke gaban ƙungiyoyin agaji shi ne raunin harsashi, gudawa, ƙyanda, tamowar yara da mata masu juna biyu. Kafin shekarar ta fita mashaƙo ya ɓarke ya kama dubbai. Ba mai ganin laifin wanda ya fara da waɗannan. Sai dai tsarin da aka kafa don gaggawa ya zauna daram, shi kuwa ciwon tsufa iri dabam ne: hawan jini, ciwon suga, asma, amosanin gaɓɓai, yanar ido, shanyewar ɓarin jiki. Ciwo ne mai son magani duk wata, da ma'aikacin da ya san tarihin mai shi.

Tun a 2019, kafin kowa ya ji sunan korona, ƙungiyar Amnesty International ta tattauna da tsofaffin sansanonin, suka shaida mata cewa mutum zai je asibiti ya sha layi, a sallame shi da farasitamol, maganin ciwon da ya kawo shi babu. Sai ya koma kemis na kasuwa ya saya da kuɗinsa. Kuɗin kuwa ko dai daga sayar da wani abu cikin abincin da aka raba masa, ko daga bashi, tunda Bangaladash ba ta ba su izinin yin aiki a hukumance ba. Ƙasar ba ta sa hannu a yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ba, kuma mafi yawan waɗanda suka zo a 2017 ba ta kiransu 'yan gudun hijira, tana ce musu 'yan Myanmar da aka raba da muhallinsu ala tilas.

Wanda bai ga yanayin ƙasar wurin ba ba zai gane nisan asibitin ba. Kutupalong daji ne mai tuddai, hanyar giwaye, aka sare shi cikin 'yan watanni aka jera bukkoki a jikin gangare. Hawa da sauka a kan matakalar buhunan yashi da gora ake yi. Idan damina ta kankama daga watan Yuni, hanya ta zama taɓo mai santsi, ga zaftarewar ƙasa. Gwamnati ba ta yarda da ginin dindindin ba, domin a wurinta zaman na wucin gadi ne. A taswira asibitin yana iya zama kusa, amma mota ba ta kaiwa yawancin lunguna. Tsohuwar da gwiwa ta ƙi sai dai a goya ta, ko a ɗora ta a kujera ko bargo a rataya a sandar gora, mutum biyu su saɓa. Mai 'ya'ya maza a kusa ya tsira. Wadda aka kashe nata a Rakhine, ko suka bi jirgin ruwa zuwa Malesiya neman na kai, sai ta nemo kuɗin 'yan dako ko ta haƙura ta kwanta. Haka batun bandaki: na tarayya ne, sau da yawa a kan tudu ko a ƙasan gangare, shi ya sa tsofaffi da yawa ke amfani da fo a cikin bukka, su jira wanda zai zubar. A wannan hali aka zo ana cewa a riƙa wanke hannu da sabulu a kai a kai, a kuma bar tazara tsakanin juna, a ɗakin da mutum biyar ko shida ke kwana kafaɗa da kafaɗa.

Akwai nisa na biyu da ba a auna shi da ƙafa, shi ne rashin yarda. Dattijon Rohingya mai shekara 70 a 2020 wataƙila wannan ne gudunsa na uku. Ya gudu a 1978 lokacin da sojoji suka kori mutum kusan 200,000, aka mayar da shi. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta fitar da shi daga jerin 'yan Myanmar. Ya sake gudu a 1991 zuwa 1992 tare da wasu kimanin 250,000. Tsakanin wannan da wancan, a garuruwa irin su Maungdaw da Buthidaung, kafin ya bar ƙauyensu zuwa babban asibiti sai da takardar izini da cin hanci a shingen jami'an tsaro. A 2014 gwamnatin Myanmar ta dakatar da ƙungiyar likitoci ta Na-gari Na-kowa daga aiki a Rakhine, ita ce kuwa madogarar mutane da yawa. Mutumin da ya yi rayuwarsa kaf yana ganin asibiti a matsayin wurin hukuma, hukuma kuma a matsayin mai cutar da shi, ba za a ce masa ranar ɗaya ya zo a killace shi don amfaninsa ya miƙe ya bi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Jita-jita kuwa ta samu fili. Ana ta yaɗa cewa wanda aka samu da cutar za a tafi da shi a kashe shi don kada ya shafa wa wasu, ko a raba shi da iyalinsa har abada, ko in ya mutu a binne shi ba wanka ba sallah. Ga tsoho Musulmi wannan na ƙarshen ya fi mutuwar kanta tayar da hankali. Kuma abin da ke faruwa a zahiri bai taimaka ba. A watan Mayun 2020 hukumomi sun ɗauki 'yan Rohingya kimanin 300 da aka ceto daga teku suka kai su tsibirin Bhasan Char, da sunan killacewa saboda korona. Tsibirin nan shi ne wanda mazauna sansanin suka daɗe suna fargabar a kwashe su zuwa can. Daga nan killacewa da Bhasan Char suka zama abu ɗaya a kunnen mutane. Zuwa asibiti da tari ko zazzaɓi ya ragu ƙwarai a daidai watannin da ya kamata ya ƙaru. Ana ɓoye marar lafiya, a saya masa magani a kemis, a kira mai maganin gargajiya ko wanda ya ɗan san allura.

Da akwai hanyar da gaskiya za ta bi ta cimma ƙarya, da da sauƙi. Amma tun watan Satumban 2019 gwamnatin Bangaladash ta umarci kamfanonin waya su daina sayar wa 'yan Rohingya layi, su kuma katse intanet mai sauri a yankin sansanonin, bisa dalilan tsaro. Ba a dawo da shi ba sai ƙarshen Agustan 2020, wato an ci watannin farko na annoba, mafi ruɗani, cikin duhu. Wani zai ce ina ruwan tsohuwa da intanet. Da ruwanta, domin jikanta ne ke gani ya faɗa mata, kuma ma'aikatan sa-kai da waya suke haɗa kai su nemo motar asibiti ko su aika bayanin marar lafiya.

Harshe ma wani shinge ne. Harshen Rohingya ya yi kusa da na mutanen Chittagong, amma ba ɗaya ba ne, kuma ba shi da rubutun da yawancin jama'a suka iya karantawa. Takardar faɗakarwa da Bangalanci ko Bamanci ko Turanci ado ce kawai a jikin bango ga wanda bai taɓa shiga aji ba. Sai aka koma ga lasifika a kan keke mai ƙafa uku da ta masallaci, da limamai, da shugabannin unguwa da ake kira majhi. Wannan ya kai ga mai kunne da mai fita waje. Tsoho mai nauyin ji yana jin hayaniya ne kawai ta wuce. Tsohuwa kuma ta fi shiga tsaka mai wuya: ba ta zuwa masallaci, ba ta zama a shagon shayi inda maza ke musayar labari, kuma ko ta kai asibiti ba lalle ta buɗe baki gaban namijin likita ta bakin namijin tafinta ba. A ƙarshen Maris na 2020 Amnesty ta yi magana da tsofaffi 15 a sansanonin, mutum ɗaya ne kawai a cikinsu ya ce an zo har bukkarsa an yi masa bayanin cutar. Samfuri ne ƙarami, amma ya nuna inda aka dosa. Yawancinsu sun ji a wanke hannu, ba su ji alamomin cutar ba, ba su kuma ji cewa su ne ta fi yi wa barazana ba.

Sai ga dokar kulle. Bangaladash ta sanar da masu cutar na farko ranar 8 ga Maris, ta rufe ƙasa daga 26 ga watan, ranar 8 ga Afrilu kuma aka kulle gundumar Cox's Bazar baki ɗaya. Ofishin kwamishinan da ke kula da 'yan gudun hijira ya taƙaita ayyuka zuwa na dole kawai, irin su lafiya, abinci da ruwa, ma'aikatan agaji da ke shiga sansani kullum suka ragu da kusan kashi 80 cikin ɗari. Hujjar a bayyane take: daga waje cutar za ta shigo, a jikin masu shiga da fita, kuma jinkirta shigarta ya ba da lokacin gina wuraren jinya. Ban ga yadda za a ce matakin ba shi da tushe ba. Amma a dubi abin da aka ajiye gefe a matsayin wanda zai iya jira. Gyaran matakala da hanyoyi ya ja baya, ana dab da damina. Ziyarar gida-gida ta masu bin diddigin marasa galihu ta ragu. Wuraren da aka keɓe don tsofaffi, irin waɗanda ƙungiyar tallafa wa tsofaffi ta HelpAge International ke gudanarwa da ƙungiyoyin ƙasar, inda ake auna jini, a gasa gaɓɓai, a yi hira, taruwa a cikinsu ta gagara. Asibitin yana nan a buɗe, an cika sharaɗin aikin dole, amma duk abubuwan da ke kai tsoho gare shi su ne aka tsayar. A nan nake ganin aka yi kuskuren lissafi mafi girma, domin matakin da aka ɗauka don kare masu rauni shi ya fi danne su.

Ta fannin gadaje an yi aiki, a faɗi gaskiya. Kafin annoba duk gundumar Cox's Bazar, da mutanenta sama da miliyan biyu da baƙinta, ba ta da ɗakin kula da masu tsananin jinya mai aiki. A watan Yunin 2020 aka buɗe mai gado goma a babban asibitin gundumar, da tallafin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira. An kafa cibiyoyin killacewa da jinya fiye da goma a ciki da kewayen sansanonin, da iskar oksijin, suna karɓar 'yan gudun hijira da 'yan gari duka. An buɗe ɗakin gwaji a kwalejin likitanci ta Cox's Bazar. Sai dai gadaje da yawa sun daɗe ba kowa a kai. Ana iya cewa alama ce ta cutar ba ta yi tsanani ba, ana kuma iya cewa masu bukata ne ba su iso ba, kuma da alama duka biyun akwai ƙamshin gaskiya.

An kuma kawo shawarar ware tsofaffi da masu ciwo mai daɗewa a wasu bukkoki na dabam, a kare su daga cuɗanya, dabarar da masana lafiya suka ba da ita don sansanoni masu cunkoso. Ba ta samu karɓuwa ba. Wa zai dafa wa tsohuwa, ya kai ta bandaki, ya juya ta da dare? A al'adarsu, wanda ya fitar da mahaifinsa daga ɗaki a lokacin ciwo ya yi abin kunyar da ba zai wanke ba. Kuma mutanen da aka raba da danginsu da bakin bindiga shekara uku kafin nan ba sa bukatar a yi musu bayanin abin da rabuwa ke nufi. Abin da ya fi tasiri shi ne ma'aikatan lafiya na sa-kai daga cikin 'yan Rohingya kansu, sama da dubu ɗaya, waɗanda suka riƙa bi ƙofa-ƙofa suna tambayar masu tari da zazzaɓi, suna rarrashi, suna raka mutum gwaji. Da aka fara kai limamai da dattawan unguwa su ga cikin cibiyoyin jinya da idonsu, aka kuma tabbatar wa mutane cewa za a yi jana'iza yadda addini ya tanada, tsoro ya fara sauka, gwaji ya ƙaru.

To, nawa ne suka mutu? Goma na littafi su ne waɗanda aka gwada. Tsohon da ya cika a bukkarsa da dare, aka sallace shi da safe, ba ya ciki. Akwai ma dalilin da zai sa iyali su yi jinkirin kai rahoton rasuwa, tunda da yawan kawuna ake raba abinci. Ban da haka akwai mutuwar da ba korona ce ta yi ta kai tsaye ba: wanda maganin hawan jininsa ya ƙare, ya ji tsoron asibiti, ɓarin jiki ya shanye. Mutanen Kano sun san irin wannan. A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari ne suka fara lura dattawa na tafiya fiye da ƙima, alhali alƙaluman korona na hukuma ba su nuna haka ba. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata ya nuna kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na mace-mace 979 suna da alaƙa da cutar. Ba ina cewa an yi irin wannan zubar a Kutupalong ba. Da an yi, maƙabartun sansani ƙanana ne, da ba ta ɓoyu ba, kuma yawan yara da matasa ya rage kaifin annobar da gaske. Abin da nake cewa shi ne adadin goma ba zai iya zama shaidar cewa tsofaffi sun samu kulawa ba.

Shekara ta biyu ta zo da nata. Ranar 22 ga Maris na 2021 gobara ta tashi a Balukhali, ta kashe aƙalla mutum 11, ta raba fiye da 45,000 da bukkokinsu, ta cinye wuraren jinya har da asibitin da Turkiyya ta kafa. Waya mai ƙaya da aka kewaye sansanin da ita ta tare masu gudu, kuma ba sai an faɗi wanda ya fi kasa tsallake ta ba. Duk wanda katin asibitinsa da sauran magungunansa suka ƙone ya koma farko. A watan Mayu masu kamuwa suka ƙaru har aka kulle sansani biyar. A ƙarshen Yuli, ana tsakiyar kullen ƙasa saboda nau'in korona na Delta, ruwan sama ya kawo ambaliya da zaftarewar ƙasa.

Rigakafi shi ne wuri ɗaya da tsofaffi suka shiga gaban layi. Bangaladash ta fara yi wa 'yan ƙasarta allura ranar 7 ga Fabrairun 2021 da maganin AstraZeneca da ake haɗawa a Indiya, kuma ta sa 'yan Rohingya cikin tsarinta na ƙasa, abin da ya cancanci yabo. An so a fara da su a ƙarshen Maris, sai Indiya ta dakatar da fitar da maganin saboda tata annobar, aka ɗage. Sai ranar 10 ga Agusta aka fara, da maganin Sinopharm na ƙasar Sin, ga masu shekara 55 zuwa sama, kimanin mutum 48,000. Wata shida ke nan bayan maƙwabtansu na wajen waya, kuma bayan Delta ta riga ta shigo. Duk da haka mafi yawan waɗanda aka nufa sun fito cikin 'yan kwanaki. Mutanen da shekara guda kafin nan ake cewa jahilci da camfi sun hana su zuwa asibiti, su ne suka cika cibiyoyin allura, bayan 'yan sa-kai sun bi su har bukka da katin gayyata, sun yi musu bayani da harshensu, limamai da dattawan unguwa kuma sun miƙa nasu hannun a gaban jama'a.

Allura zuwa biyu ce, ana iya haɗa gayya a yi ta a gama. Hawan jini da suga duk wata ne, kuma tudun da ke tsakanin bukka da asibiti bai ragu ba. An ƙara asibitocin da ke ba da maganin waɗannan cututtuka bayan annoba, sai dai kuɗin agaji ya fara ja baya. A 2023 Hukumar Abinci ta Duniya ta rage kason kowane mutum daga dala 12 a wata zuwa 10, sannan zuwa 8, kuma daga cikin wannan kason ne iyalai da yawa ke ɗiba su sayar don biyan kemis da 'yan dakon da za su sauko da tsohuwa daga tudu.